Ranar Kwashe Firji

Ƙarfe tara da rabi Auta ta farka, kuma tun kafin ta gama buɗe ido ta san ta yi ɓarna. Rana ta riga ta shigo ɗakin har ta hau gadajen sama. Kwananta shida a wannan masauki ba ta taɓa kai ƙarfe bakwai a kwance ba, sai yau da barci ya sace ta bayan tatsar nonon asuba. Ta yunƙura da sauri, ɗinkin da ke ƙasan cibiyarta ya ja ta, ta ce "wash!" ta dafe ƙarfen gado.

Masauki ne na matafiya masu ƙaramin ƙarfi, irin wanda ake ba mutum gado ɗaya, loka ɗaya, da zanin gado mai warin maganin wanki. Mata takwas a ɗaki, gadaje masu hawa biyu, kowa da jakarta a ƙarƙashin kai. Kicin ɗaya, firji ɗaya, banɗaki biyu can ƙarshen baranda. Wasu jarrabawa ta kawo su, wasu neman aiki, wasu kuwa yawon ganin duniya kawai suke yi, Allah ya ba su sa'a. Ita Auta ba ko ɗaya. 'Yarta ce a kwalbar jarirai bakwaini, a babban asibitin da ke bayan gada.

Shekara goma sha ɗaya da aure, ɓari uku, sannan wannan ta zo a wata bakwai, da tiyata. Asibitin garinsu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, aka ɗauko uwa da 'ya a mota, tafiyar yini guda. Bayan kwana biyar aka sallami uwar don ana bukatar gadon, aka riƙe 'yar. Yayarta da ta rako ta ta yi kwana biyu ta koma kan nata 'ya'yan. Mijinta mai gadi ne a wata masaƙa, kwana uku aka ba shi, ya cinye su tun a farko. Innarta kuwa ƙafa ko tsakar gida ba ta barin ta ta ƙetare. Haka Auta, wadda ko kasuwar garinsu ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, ta tsinci kanta a gado mai lamba shida, cikin mutanen da ba wanda ya san sunan wani.

Aikinta ɗaya ne a duniya yanzu: nono. Jaririyar ba ta iya tsotso ba, ta wani siririn tiyo ake zuba mata a hanci, duk bayan awa uku. Sau ɗaya aka gwada ta da madarar gwangwani, cikinta ya kumbura ya yi ƙyalli, aka dakatar da ciyarwa kwana uku sai ƙarin ruwa, yarinyar da dama ba ta kai nauyin butar shayi ba ta ƙara zubewa. Likita ya kira Auta gefe, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce hanjin yarinyar nan ba ya ɗaukar komai sai na uwarta, kuma in cikin ya sake kumbura irin wancan, shi ba zai yi mata alkawarin komai ba.

To, nonon kuma ba ya zuwa. Ina zai zo, mace ba ci, ba barci, ba mai ce mata sannu? Da hannu take tatsa, ɗigo-ɗigo, cikin 'yan robobi masu murfi da asibiti ke ba ta. A ɗaki ba hali, ido takwas-takwas. Banɗaki take shiga ta rufe murfin masai ta zauna a kai, ana buga ƙofa ana cewa, "Wai mutuwa aka yi a ciki ne?" ita kuwa tana matsa tana cije leɓe. Daga yammacin jiya zuwa asubar yau ta tara roba huɗu, mafi yawan abin da ta taɓa samu. Abincin yini guda ke nan cur. Farin cikin hakan ne ma ya sa ta ce bari ta ɗan kishingiɗa minti goma.

Ta zura takalmi ta nufi kicin tana ɗingishi.

Firjin a buɗe yake hanhai, an zare masa wuta, cikinsa fes kamar ranar da aka sayo shi. A kan teburi an jera abubuwan mutane, kowanne da farin salatif da suna a kai: ƙwai, man shanu, rabin kankana, gorar lemo. Wani dogon matafiyi mai gemu, wanda kullum ka shigo yana dafa ƙwai, yana tsaye gaban risho. A ƙasa kuma, durƙushe da soso da bokiti, matar da ke share masaukin ce, wadda baƙi suka sa wa suna Kwamanda saboda ba ta magana sai da tsawa.

Auta ta duba teburin. Ta sake dubawa. Ta jawo aljihun ƙasan firjin, inda ake sa kayan lambu. Wayam.

"Mama," ta ce, "akwai wata baƙar leda a nan ƙasa, can ciki."

Kwamanda ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da suna a jiki?"

"A'a."

"To kin san inda take. Karanta." Ta nuna ƙofar firjin da soso.

Auta ta san takardar, tun ranar da ta zo ta karanta ta. Duk abin da ba shi da suna da kwanan wata, ranar Litinin za a zubar. Ga salatif da biro an ɗaure da zare a gefe, ko makaho ya laluba zai samu. Amma ita a gidan da ta tashi, abu mai daraja ɓoye shi ake yi, ba a rubuta masa suna a ajiye a gaban jama'a. Kuma ta ga yadda samarin masaukin ke ɗaga kayan mutane suna karanta suna da ƙarfi suna leƙa ciki. A ce wani ƙato ya ɗaga nononta yana tambayar na waye? Gara ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta sa robobin a baƙar leda, ta yi ƙulli uku, ta tura can ƙurya bayan wani kabeji. A ganinta ta adana. A dokar gidan nan kuwa, abin da aka tura ƙurya babu suna, na wanda ya tafi ne ya manta. Kuma da yake ranar Talata ta zo, ba ta taɓa ganin Litinin ɗinsu ba sai yau.

"Ina kwandon sharar?" ta ce. "Ko a shara ne ba komai, a rufe suke, zan wanke bayansu."

"Wai 'yan robobin nan? Ai ga su can na wanke miki, ki gode Allah ban haɗa da su ba. Madarar ce ta lalace, ta rabu biyu, sama rawaya ƙasa ruwa. Haka kuke, ku sayi abu ku bar shi ya ruɓe wa mutane a firji, ni kuma baiwar ubanku in zo in kwashe."

Ga su kuwa a kan ragar shanya kwanuka, huɗu, a kife, suna ɗigar ruwa tsakanin wani kofi da murfin tukunya.

Abin da ya fito daga bakin Auta ba kuka ba ne, ba kuma magana ba. Mai gemu ya saki cokali. Kafin kowa ya ankara ta cakumi wuyan rigar Kwamanda da hannu biyu, ita da ko kaza ba ta taɓa yi wa tsawa ba, tana jijjiga matar da ta kusa haihuwarta.

"Nonona ne! Nonona kika zubar! Haka yake, ba lalacewa ya yi ba, haka yake yi in ya kwana! 'Yata tana kwalba, shi kaɗai take sha, kin kashe min 'ya! Wallahi kin kashe ta!"

Mutane suka cika ƙofar kicin, wasu da buroshi a baki. Manajan masaukin ya taso daga kanta yana gyara tabarau, ya fara abin da ya iya: "Haba baiwar Allah, a yi haƙuri mana. Doka ce, a rubuce take, mu ba mu da alhakin duk abin da..."

"Rufe mana baki!" in ji Kwamanda.

Ba ta ɓamɓare hannun Auta daga rigarta ba. Tsayawa ta yi tana kallon robobin, sannan ta kalli ramin da ruwan wanke-wanke ke bi, kamar za ta iya kiran abin ya dawo. Bakinta ya yi motsi sau biyu kafin magana ta fito, kuma ba da muryar da aka san ta da ita ba.

"Ban taɓa haihuwa ba, 'yar nan. Ban san kamanninsa ba."

Hannun Auta ya saki da kansa. Ta zame ta zauna a kan jiƙaƙƙen siminti.

Nan wayarta ta yi ƙara. Sista ce, nas ɗin da ke kula da ɗakin jarirai da safe. "Mai jego, lafiya? Ba mu gan ki ba. Ragowar na jiya mun ba ta ƙarfe tara, ko ɗigo bai rage ba. Na sha biyu fa?"

"Ina zuwa, Sista."

"Kar ki wuce. Kin san likita ya hana a tsallake mata, sugan jikinta faɗuwa yake yi. In babu, dole a nemi abin da za a ba ta, kuma kin san abin da ke nan."

Ta sani. Gwangwanin madarar yana nan a kan kantar ɗakin jarirai, kullum sai ta gan shi.

Goma saura kwata. Tatsar ƙarshe ta yi ta ne da asuba, ya kamata a ce yanzu an ɗan taru. Ta taɓa ƙirjinta ta saman riga, ta ji shi lakwas. Tsoro ya riga ya shanye komai. Akwai ɗakin tatsa a asibiti, amma ba a buɗe shi sai ƙarfe ɗaya, lokacin ziyara.

Kwamanda ta miƙe, tsawarta ta dawo. "Kai mai gemu, juye ƙwan nan, wanke tukunyar, ɗora ruwa! Yaya ake yi da robobin, 'yar nan? Dafawa? To ka ji, a dafa su su tafasa sosai. Ku kuma me kuke kallo, biki ake yi? Kowa ya kama gabansa!" Mai gemu ya juye ƙwansa ɗanye-ɗanye a faranti ba ko musu. Ita kuma ta ciro makullai daga ƙugunta, ta kama Auta a hammata, ta kai ta wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala inda ake ajiye zannuwan gado. Ba taga, ƙwan lantarki ɗaya ne, da tarin tawul har rufi. Ta tara mata matasai uku ta zaunar da ita.

"Nan ba mai buga miki ƙofa. Da kin faɗa min tun ranar da kika zo, da nan zan riƙa buɗe miki. A ina kike yi?"

"Banɗaki."

"Innalillahi! Banɗakin nan da nake wankewa sau uku a rana bai wanku ba?" Ta riƙe baki. "To faɗa min abin da zan yi. Ni ban san komai ba, ke za ki koya min."

Auta ta ce tawul mai zafi. Aka kawo. Ta ce shayi. Aka kawo, da sukari har cokali na tsayawa, da rabin burodin wani bawan Allah da ke da suna ɓaro-ɓaro a jiki. Ta ce Sista ta ce in ana danna bayan mutum tsakanin kafaɗu yana taimakawa. Kwamanda ta durƙusa a bayanta da hannuwan nan nata masu kaushi kamar soson ƙarfe, tana dannawa a hankali, tana tambaya, "Nan? Ko nan? Na yi ƙarfi?"

Robobin suka iso a cikin murfin tukunya suna tururi, mai gemu ya miƙo ta bakin ƙofa ya kau da kai. Auta ta fara.

Ba komai. Ta matsa dama, ta koma hagu, ta sake dawowa. Fatar duk ta yi ja, ga tabon yatsunta na kwana da kwanaki. Minti goma, minti ashirin, ko laima. Tun tana yi a hankali yadda aka koya mata har ta koma murɗa kanta da mugunta, kamar wanda ke matse tsumma.

"Ke, za ki ji wa kanki ciwo!"

"In ji mana! Meye amfaninsa? Shekara goma sha ɗaya ina roƙon Allah, ya ba ni, abu ɗaya aka ce in yi, ɗaya tak, na kasa. Akuya ma tana yi, Mama. Akuya!"

Waya ta sake ƙara. Mijinta ne, ya sauka daga aiki. Ta goge fuska kamar yana ganinta.

"Auta, ya kwanan 'yar tawa? An auna ta yau?"

"Lafiya lau. Tana nan tana ta shan abinta."

"Alhamdulillahi. Ke fa, kina cin abinci? Muryarki wani iri."

"Mura ce. Zan kira ka an jima, ina hanya."

Ta kashe, ta kifa wayar. Me za ta ce masa? Mutumin da ke can nesa, ba abin da zai iya sai dai ya kasa barci.

Sha ɗaya saura biyar. Kwamanda ta sake jiƙa tawul daga flas, ta ɗora mata. Sannan ta ce, "Wa yarinyar ta ɗebo? Ke ko ubanta?"

"Ban sani ba. Duk waya ce da filasta a fuskar."

"To hannun fa? Ƙafa fa? Ai ba a rasa inda za a gane."

Auta ta ja hanci. "Yatsun ƙafarta irin nasa ne. Na biyun ya fi babban tsawo. Ban taɓa ɗaukarta ba, Mama, kin sani? Ko sau ɗaya. Ta wata 'yar ƙofa nake zura hannu. Shekaranjiya na sa mata ɗan yatsana a tafin hannu, sai ta riƙe. Duk hannun nata bai zagaye kan yatsan ba, amma ta riƙe gam, Sista ma sai da ta yi dariya ta ce wannan mafaɗaciya za a yi."

Tana cikin faɗa ta ji wani tsam a ƙirjinta, kamar tafiyar kiyashi. Ta duba. Ɗigo ɗaya ya tsaya, fari-fari, yana rawa.

"Ga shi! Ga shi nan!" Kwamanda ta yi ihu, sannan ta toshe bakinta da kanta kar ta kore shi. Ta koma raɗa. "Ci gaba. Kunnenta fa? Gashi fa, akwai?"

Haka suka yi. Ɗaya na tambaya, ɗaya na amsawa tana tatsa, ɗigo na faɗawa cikin roba ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an yi masa jiran sarki. Nonon ya ɗan yi gudu na minti biyar har zuciyar Auta ta fara dawowa, sai ya ja baya, sai ya tsaya cak. Ta matsa, ta roƙa, ta sauya hannu. Ya ƙare. Ta ɗaga robar saitin ƙwan lantarki. Ko layin farko bai kai ba.

Sha ɗaya da rabi da biyar.

"Tashi ki tafi da shi haka," in ji Kwamanda. "Tashi!" Ta rufe murfin da kanta, ta murɗa har sau biyu, ta naɗe a cikin sabon tawul ɗin masauki, wanda doka ta hana a fita da shi. Manaja ya gani ya buɗe baki, ta harare shi, ya mayar ya rufe.

A bakin titi motoci sun cushe tun daga gada, ba gaba ba baya, sai hon. Auta ta shiga bas, ta zauna minti huɗu bai motsa ba, ta sauka. Ta kama tafiya da ƙafa, hannu ɗaya rungume da tawul a ƙirji, ɗaya dafe da mara. Ba gudu ba ne, don jikin ba zai iya ba, wani abu ne tsakanin tafiya da faɗuwa. A kan gada ta ji ɗumi na bin ƙasan cikinta, ta san ɗinkin ne, ba ta tsaya dubawa ba. Wani mai tura kaya ya bangaje ta, ta juya masa baya don ta kare robar, shi ya zage ta, ita ta ba shi haƙuri.

Sha biyu da minti goma sha biyu ta isa hawa na uku. Sista na tsaye a bakin ƙofar ɗakin jarirai, gwangwanin nan a kan tire a gefenta, an riga an buɗe murfinsa.

"Kin ba ta?" Auta ta ce. Numfashi ya hana ta ƙarawa.

"Na ce a raina zan ba ki kwata. Saura minti uku. Kawo." Sista ta warware tawul, ta ɗaga robar, ta dubi Auta. "Shi ke nan? Ina na dare?"

"Ya zube."

Sista ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta ga irin wannan fuskar da yawa. Ta ce ta wanke hannu ta sa riga ta shigo. A gaban kwalbar ta zuƙe nonon da sirinji, ta karkata robar ta bi kusurwa har ɗigon ƙarshe, ta ɗaga ta duba.

"Mil sha biyu ake so. Bakwai ne."

"Ba zai yi ba?"

Sista ta dubi takardar da ke rataye, ta dubi na'urar da ke ƙifta wuta. "Zan faɗa wa likita, a ƙara mata ruwa ya cike. Na wannan karon zai yi. Na wannan karon kawai, kin ji ni?"

Ta haɗa sirinjin da tiyon, ta ɗaga shi sama. Auta ta manna goshi a jikin gilas. Yarinyar na kwance rub da ciki, hular ulu ta rufe mata har gira, haƙarƙarinta na shiga yana fita da sauri. Farin zaren nonon ya bi tiyo a hankali, ya zagaya, ya shige hanci. Sai ɗan bakin nan ya fara motsi, tana tsotson iska, tana tsotsa da gaske kamar an sa mata wani abu. Duk wahalar safiyar nan, ko minti biyu ba ta yi ba ta shige. Sirinji ya koma wayam, bakin bai daina motsi ba.

Sista ta cire, ta rubuta a takarda, ta mayar da murfin gwangwanin amma ba ta ɗauke shi daga kan tire ba.

"Rigarki jini, mai jego. Ki sauka ƙasa a duba miki ɗinkin nan."

"An jima."

"To. Sai na ƙarfe uku. Mil sha biyu cif nake so, ba ragi."

Auta ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Sha biyu da minti ashirin da biyar. Ta sa hannu ta taɓa ƙirjinta ta saman riga, dama, sannan hagu. Babu komai a ciki.

"Zan kawo," ta ce.